Adon shataletale: Darasin da Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa za su koya daga birnin Kano

A tsakiyar watan Yunin 2023 mutanen Kano suka wayi gari suka tarar an rushe ginin adon da ke tsakiyar shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati. An gina shi ne a 2017 don tunawa da cikar Jihar Kano shekara 50 da kafuwa, kuma wata mace ce ta zana shi. Shekara shida kacal ya yi a tsaye.

Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ginin ba shi da inganci, ya yi tsayi da yawa har yana kare wa jami'an tsaro da direbobi gani. Sakataren Gwamnatin Jihar na lokacin, Abdullahi Baffa Bichi, ya ƙara da cewa idan aka kalli ginin daga sama yana da siffar kuros. Masu adawa da rusau ɗin suka ce siyasa ce kawai da ɓarnar dukiyar jama'a. Da surutu ya yi yawa, gwamnati ta sanar cewa za a sake gina shi kusa da gadar sama ta Na'ibawa.

Ko wane ɓangare mutum yake, abu ɗaya ya tabbata: kuɗin jama'a aka kashe wurin ginawa, kuɗin jama'a aka kashe wurin rushewa, kuma duk wani sabon gini daga aljihun jama'a zai fito. Wannan darasi ne da bai kamata ya tsaya a birni ba. Ya shafi ƙananan hukumomin kudancin jihar, musamman Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗanda garuruwansu ke ƙara girma, hanyoyinsu ke ƙara faɗi.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi karkara

A zangon mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya ƙaddamar da aikin tagwayen hanyoyi masu tsawon kilomita biyar-biyar a ƙananan hukumomin jihar. Da yawa ba a kammala ba kafin ya sauka, kuma gwamnati mai ci ta koma kan wasu daga cikinsu. Duk garin da tagwayen hanya ta ratsa, dole mahaɗa ta fito. Inda mahaɗa ta fito kuwa, ba a daɗewa wani zai kawo shawarar a yi shataletale, a dasa wani abu a tsakiyarsa.

Haka kuma doka ta ɗora wannan nauyi a kan ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina da kula da tituna, fitilun kan hanya, magudanan ruwa, lambunan shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukansu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Gwargwadon yadda hukuncin ya fara aiki, gwargwadon yadda shugabannin ƙananan hukumomi za su samu abin taɓawa. Sanannen abu ne kuma cewa ɗan siyasa ya fi son aikin da ido ke gani, wanda za a yanke masa kyalle a ɗauki hoto. Ƙofar shiga gari da shataletale na cikin irin waɗannan ayyuka.

Saboda haka yanzu ne lokacin magana, tun ba a zuba siminti ba. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Abin da rusau ɗin Kano ya nuna

Na farko, dalilan da aka bayar na rushe ginin duk abubuwa ne da ake iya tantancewa a kan takarda. Tsayin gini, faɗinsa, ko zai kare wa direba gani, da siffar da zai bayar daga sama ko daga gefe, duk suna cikin zane tun kafin a haƙa harsashi. Idan dalilan gaskiya ne, to an yi sakaci a 2017. Idan ba gaskiya ba ne, to an yi ɓarna a 2023. Ta kowace fuska, rashin tsayayyiyar ƙa'ida ce ta jawo asarar.

Na biyu, ginin da aka jingina wa gwamnati ɗaya yakan mutu tare da ita. A siyasar Kano, inda launin hula da launin fenti ke da ma'ana, abin ado kan zama tutar wani ɓangare cikin sauƙi. Wanda ya zo daga baya sai ya ga kamar hoton abokin hamayyarsa ne aka kafa masa a ƙofar gida.

Na uku, ba a cika tambayar jama'a ba. Mutanen gari kan ga aiki ne bayan an kewaye wurin da kwano, su ga sakamako ranar buɗewa. Abin da mutane ba su da hannu a cikinsa ba za su tsaya masa ba ranar da katafila ta zo, kuma ba za su hana yara cire masa ƙarafa ba.

Akwai kuma batun wuri. Shataletalen Dangi da na Hotoro a birnin Kano sun koma gadojin sama da na ƙasa da cunkoso ya yi yawa. Duk wanda zai kashe kuɗi a tsakiyar mahaɗa ya kamata ya fara tambayar injiniyoyin hanya ko mahaɗar za ta kai shekara 20 a yadda take.

Siffa, addini da fasahar zamani

A ƙasar Hausa ba a raba maganar sassaƙa da maganar addini. Malamai sun yi tsanani a kan mutum-mutumin abu mai rai, kuma jama'a na kallonsa a matsayin gunki. A 2021 Hukumar Hisbah ta Kano ta hana teloli da masu shagunan tufafi amfani da mutum-mutumi mai kai wurin tallar kaya. Wannan ya isa ya nuna cewa mutum-mutumin wani gwarzo a tsakiyar garin Bebeji ko Tudun Wada ba zai samu karɓuwa ba, kuma babu dalilin tsokano fitina a kan abin ado.

Sai dai wannan bai rufe ƙofar ado ba. A ƙarni na 20 masu sassaƙa a Turai da Amurka sun fara barin kwaikwayon surar mutum, suka koma aiki da layi, lanƙwasa, rami da nauyi, suna amfani da ƙarfe, siminti da dutse. Abin da suka kira sabon salo, maginan Hausa sun daɗe suna yin irinsa a jikin bango. Zanen dagi, zankwayen da ke kan soro, bakan gizon da ke riƙe da rufin ɗaki, da zayyanar da ke bakin zaure, duk ado ne da babu surar mai rai a cikinsa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da Gidan Makama a Kano, shaida ne.

A Zariya ɗin dai, a 1958, wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da zanen gargajiya na gida, maimakon kwaikwayon baƙi ido rufe. Wannan sashen koyar da zane da sassaƙa yana nan har yau a Samaru, kuma daga Kwanar Ɗangora zuwa can ba wata tafiya ce mai nisa ba.

Alhazai da masu Umara sun san wani misali. A shekarun 1970 da 1980, magajin garin Jidda, Muhammad Sa'id Farsi, ya cika shataletalen birnin da bakin tekunsa da ɗaruruwan ayyukan sassaƙa, har da na mashahurai irin su Henry Moore, Joan Miró da Alexander Calder. Mafi yawan ayyukan siffofi ne marasa rai, ko kayan amfanin yau da kullum da aka ƙara wa girma, kamar katafaren keken da wani shataletale ya samu suna daga gare shi. Birnin da ke ƙofar Makka ya samu hanyar yin ado ba tare da ya taka addini ba. Abin lura kuma shi ne, bayan shekaru iskar teku ta ci wasu daga cikinsu, sai da aka kashe kuɗi aka gyara. Ko a ƙasar da ke da arzikin mai, abin ado ba ya kula da kansa.

Famfon ado a garin da ake sayen ruwa

Bayan sassaƙa, abin da ya fi jan hankalin masu mulki shi ne famfon ado mai feshin ruwa sama, musamman idan an haɗa shi da fitilu masu launi. A nan ne ya kamata a fi taka-tsantsan.

Yadda yake aiki ba wani sirri ba ne. Akwai kwatami da ke riƙe ruwa, akwai inji da ke zuƙo ruwan ya tura shi sama, ruwan ya faɗo ya koma kwatamin, a sake zuƙo shi. Wato yana bukatar wuta a kullum, yana bukatar matata da za a riƙa wankewa, yana bukatar ƙarin ruwa don cike gurbin wanda rana da iska suka ɗauke. A bazara zafin rana na shanye ruwan da sauri. A hunturu ƙura na toshe matata da bakin bututu. Ranar da injin ya tsaya kuma ba a samu mai gyara ba, ruwan zai kwanta, ya yi gansakuka, ledoji su taru, sauro ya yi ƙwai. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan sauro kan zama sauro mai cizo. Abin da aka gina don ƙawata gari sai ya koma gidan zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar kasuwa.

Masu son irin wannan aiki kan kawo misalin famfon Sarki Fahad na Jidda, wanda aka buɗe a 1985, mai harba ruwa sama da mita 250. Amma daga Bahar Maliya yake ɗiban ruwansa, ba daga ruwan shan jama'a ba, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan. A Legas ma, famfon Dandalin Tinubu da al'ummar Labanan suka bayar kyauta lokacin samun 'yancin kai a 1960, an sha barinsa ya lalace, an sha sake gyara dandalin.

Kudancin Kano ba baƙon ruwa ba ne. A ƙasar Bebeji madatsar Tiga take, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina aka kammala a 1974, mai ɗaukar kusan lita tiriliyan 2 idan ta cika. Ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, kuma yana cikin ruwan da ake tacewa a Tamburawa don birnin Kano. Tafkin Bagauda ma a nan yake. Kogin Kano kansa ta dajin Falgore yake biyowa kafin ya iso Tiga. Duk da haka, gidaje da yawa a garuruwa da ƙauyukan yankin rijiya, burtsatse da 'yan ga-ruwa suka dogara da su.

A irin wannan hali, feshin ruwa sama a tsakiyar titi, yayin da mai kura ke wucewa da jarkoki yana neman na sayarwa, ba zai yi wa kowa daɗin gani ba. Ƙa'idar ya kamata ta zama mai sauƙi: kada a gina famfon ado a unguwar da ba ta da famfon sha mai aiki.

Musulunci da al'adar Hausa suna da nasu tsarin na ruwa a bainar jama'a. A biranen Alƙahira da Istanbul akwai tsofaffin gine-ginen shayarwa da masu hali suka yi waƙafi, aka ƙawata su da zane da rubutu, mai wucewa ya sha kyauta. A ƙasar Hausa kuma randa ce a ƙofar gida ko a gindin bishiya, da moɗa a kanta. Wannan shi ne abin koyi. Burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki, da jerin famfuna, da wurin alwala, da kwatamin shayar da dabbobi a gefe, idan aka ba wa gwanin magini ya tsara shi ya yi masa zane, zai yi kyau kuma zai yi amfani. Wurinsa kuma bakin kasuwa ne ko tasha ko filin Idi, ba tsakiyar shataletale ba, inda yaro zai tsallaka titi kafin ya kai ga ruwa.

Shin adon ma dole ne?

Akwai masu cewa yankin da ke fama da ƙarancin ajujuwa, asibitocin da ba su da isassun ma'aikata, da hanyoyin ƙauye da damina ke yankewa, bai kamata ya yi maganar ado ba sam. Maganarsu tana da nauyi, kuma idan zaɓi ya zama tsakanin rufin aji da ginin shataletale, rufin aji ne a gaba.

Amma a aikace ba haka abin ke zuwa ba. Ko an yi magana ko ba a yi ba, za a gina shataletalen, domin yana cikin kwangilar hanya. Za a kuma sa wani abu a tsakiyarsa. Abin da aka saba gani shi ne tulin siminti da tayil mai ƙyalli, ko allon talla, ko hoton ɗan takara. Tambayar ita ce ko kuɗin da za a kashe ko ta yaya za su samar da abin da gari zai yi alfahari da shi, ko kuwa abin da zai fashe kafin damina biyu.

Sannan alama tana da amfaninta. Da ita ake kwatance, da ita baƙo ke gane ya iso, da ita yaro ke fara tambayar tarihin garinsu. A birnin Kano, sunaye irin su Baban Gwari da Dangi sun zama adireshi a bakin direbobi da fasinjoji. Matafiyin da ya bi ta Kwanar Ɗangora ko ya ratsa Tudun Wada zuwa Saminaka da Jos, abin da ya gani a bakin hanya shi zai riƙe game da garin.

Kowane gari da abin nunawarsa

Babu ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin huɗu da ke bukatar aron alama daga waje.

Bebeji tsohon gari ne a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau, kuma tsohon masallacinta na Haɓe yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Ga Tiga, ga Bagauda mai ɗauke da sunan sarkin Kano na farko, inda reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya yake a yau. Kafin a yi tunanin sabon gini, kula da tsohon da ake da shi ya fi cancanta.

Ƙiru tana da Kwanar Ɗangora, mahaɗar da motoci ba sa yankewa dare da rana. A irin wannan wuri, abin da aka fi bukata shi ne gini gajere da ba ya kare gani, da fitila mai aiki, da inuwa ga masu jiran mota.

Tudun Wada ƙasar noma ce, ta shinkafa da masara. Zangarniya, dami, rumbu, garma da lauje siffofi ne da kowane manomi zai gane, kuma maƙeri ko mai walda na gari zai iya fitar da su da ƙarfe idan aka ba shi zane mai kyau.

Doguwa tana da duwatsun Riruwai da tarihin haƙar kuza, tana da ruwan Zainabi mai gangarowa daga dutse, tana da dajin Falgore. Ƙasar da Allah Ya ba ta ruwa mai zubowa da kansa ba ta bukatar injin feshi. Gyara hanyar zuwa wurin da tsaron masu ziyara sun fi kowane famfon ado. Dutsen yankin kuma, idan aka sassaƙa shi aka kafa, ba ya bukatar fenti, ba ya tsatsa, ɓarawon ƙarfe ba ya sha'awarsa.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi doka a kan gine-ginen ado da na tarihi a wuraren jama'a, wadda za ta fayyace yadda ake amincewa da su da yadda ake cire su. Kada a rushe irin wannan gini sai da rahoton injiniyoyi a rubuce, wanda aka bayyana wa jama'a, tare da wa'adin sauraron ƙorafi.

Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta baje zanen aikin a sakatariya da fadar hakimi na aƙalla wata guda, a kuma wallafa shi a Facebook da zaurukan WhatsApp na gari, tare da kuɗin da zai ci. A nuna yadda zai kasance daga kowace kusurwa, har daga sama. Malamai, dagatai, ƙungiyar direbobi, 'yan kasuwa, mata da matasa su faɗi ra'ayinsu. A yankin da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kamar wasu sassan Doguwa da Tudun Wada, a tabbatar an ji ta bakin kowa.

Na uku, a sa gasa. Ɗaliban zane da na tsara gine-gine daga Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar, tare da magina da maƙeran gargajiya, su kawo zanensu. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta shiga cikin alƙalai. A rubuta sunan wanda ya zana a jikin aikin.

Na huɗu, kada a sa sunan mai mulki, hotonsa, ko launin jam'iyyarsa a jikin ginin. Sunan gari da shekarar gini sun wadatar. Wannan kaɗai zai iya tsawaita rayuwar aikin fiye da kowane siminti.

Na biyar, a ware kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara tun kafin a ba da kwangila, a kuma faɗi sashen da zai riƙa sharewa, gyara fitila da ban ruwan shuke-shuke. Aikin da ba a san mai kula da shi ba, gara kada a fara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na shida, inda kuɗi ba su kai ba, a dasa bishiya. Shataletale mai tsafta da gajerun shuke-shuke da fitilar sola, da jerin darbejiya ko maɗaci a gefen hanya, ya fi ginin da zai tsage.

Birnin Kano ya riga ya biya kuɗin wannan karatu da tsada. Shugabannin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, da kansilolinsu da hakimansu, suna da damar ɗaukar darasin kyauta. Jama'ar yankin kuma suna da haƙƙin tambaya tun ranar da aka fara auna fili: me za a gina, nawa zai ci, wa ya zana, kuma wa zai kula da shi bayan an watse daga bikin buɗewa. Idan aka samu amsar waɗannan tambayoyi huɗu a fili, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.